Kiwon kifi a ƙasar Kurfai: yadda ake sanin ruwa da yawan kifin da zai ɗauka

Duk shekara in damana ta ja baya tabkuna sunka cika, maganar zuba kifi takan taso a garuruwanmu. Wasu matasa na son a zuba kifi a tabkin gari. Wasu ƴan'uwa da ke Kwatano, Lome, Abijan ko Legas sun ga ana kiwon tarwaɗa cikin kwamin siminti, suna son su aiko da kuɗi a gina irinsa a gida. Don haka munka tattara wanga bayani wuri guda, domin mai niyya ya karanta kafin ya kashe ko dala.

Maganar a taƙaice ita ce: ruwa ake fara kiwo, kifi ya biyo baya. Wanda ya san tsawon lokacin da ruwansa ke zama, da abin da ke cikinsa, shi ne zai san irin kifin da zai zuba da kuma yawansa. Wanda ya fara sayen ɗiyan kifi sannan ya dawo yana tambayar ruwa, yakan kwashe gawa da safe.

Wane irin ruwa gare mu?

Filinge da garuruwan Kurfai suna zaune a kwarin Dallol Boso, wato hanyar wani tsohon kogi da ke saukowa daga Azawak har ya faɗa kogin Isa can kudu, kusa da Bumba. Kogin ya daɗe da ƙafewa, amma ya bar mana ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa rijiyoyin cikin dallol ba su kai na tudu zurfi ba. Ya kuma bar gishiri da kanwa a wasu wurare, kamar yadda kowa ya san ana haƙar kanwa a kudancin dallol, wajen Boboi.

Ruwan da za a iya kiwon kifi da shi a nan iri uku ne: tabkin da ruwan sama ke cikawa, da kududdufi ko ramin da anka haƙa da hannu, da kuma ruwan rijiya ko foraj da ake zubawa a kwami. Kowanne da halinsa.

Babban abokin gabar dukkansu rana ce. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 450 ba, alhali abin da rana da iska ke shanyewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya zarce mita 2. A watannin Afrilu da Mayu tabki na iya sauka kusan santimita 1 kowace rana, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa da wanda bisashe ke sha. Ke nan tabkin da zurfinsa bai kai mita 1 ba a watan Oktoba, da wuya ya ga bazara.

Tambaya ta farko: wata nawa ruwan ke zama?

Wannan ba ta bukatar na'ura. Tsofaffi da makiyaya sun san amsarta. A tambaye su wane wata tabkin ya ƙafe bara, da bara waccan, da kuma shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. Da shekarar rashi ake lissafi, ba da ta yalwa ba.

In ruwa na zama ƙasa da wata 4, a bar wa bisashe da masu bulo. In yana zama wata 5 zuwa 7, ana iya zuba kifin da ya ɗan tasa da zarar tabkin ya cika, a kwashe shi duka kafin ruwa ya ja, kuma kowace shekara sai an sake zubawa. In kuwa ba ya ƙafewa, nan ne ake zuba iyaye su hayayyafa da kansu.

Akwai misalai a cikin ƙasarmu. Tabkin Ɗan Dutsi a jihar Tawa da can ƙaramin ruwa ne mai ƙafewa. Ruwan da anka yi a 1974 ya cika kwarin, tun daga nan ya zama mazaunin ruwa, anka zuba masa kifi iri-iri. A Tabalak da Madarunfa ma mutane na cin abinci da su. Abin da ya haɗa wuraren nan shi ne ruwansu na daɗewa.

Abubuwa biyar da ake dubawa a ruwa

Na ɗaya, iskar shaƙa. Kifi na shaƙar iskar oksijin da ta narke cikin ruwa. Da rana, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke sa ruwa ya yi kore, suna samar da ita. Da dare kuwa su da kifin duka sha suke yi. Saboda haka lokacin da iska ta fi ƙaranci shi ne asuba. Mai kifi ya riƙa leƙa ruwansa bayan sallar asuba. In ya tarar kifi sun taso sama suna buɗe baki, sunka kuma ƙi nutsewa ko rana ta fito, to iska ta gaza. Nan take a tsaida abinci, a ƙara sabon ruwa, a riƙa ɗiba da bokiti ana watsawa daga sama. Masu na'urar awo suna so ta wuce miligiram 4 a kowace lita. A sani kuma ruwan zafi bai riƙe iska kamar mai sanyi, shi ya sa mutuwa ta fi yawa a bazara.

Na biyu, zafi da sanyi. Gargaza da tarwaɗa sun fi girma in zafin ruwa na tsakanin digiri 26 da 30. In ya sauka ƙasa da 20, kamar yadda yakan faru a ruwa maras zurfi cikin ɗarin Disamba da Janairu, cin abincinsu na raguwa ƙwarai. Abincin da anka zuba ba a ci ba, ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Da ɗari a rage abinci, a bari sai hantsi ya dubi ludayi sannan a ba su. Da bazara a yi wa rabin kwami rumfar zana ko ta kara.

Na uku, kanwa da gishiri. Wannan shi ne abin da ya fi shafarmu mu mutanen dallol. Rana na ɗauke ruwa, amma ba ta ɗauke gishiri. In tabki ya ragu da rabi saboda rana, kanwar da ke cikin kowace lita ta ninka biyu. Ruwan da ya karɓi kifi lafiya lau a watan Satumba yana iya gagararsa a watan Maris. Alamu su ne farin gari a bakin tabki, da santsi in an murza ruwan a hannu, da ɗanɗanon kanwa a harshe.

Ana auna wannan da ƴar takardar da ake kira takardar pH, wadda ke sake launi in an tsoma ta. Daga 6,5 zuwa 9 kifi na zaune lafiya. In ya zarce 9 tun da safe, akwai damuwa. Game da gishiri kuwa, lita guda ta ruwan teku na ɗauke da giram 35. Gargaza na jure har wajen giram 15, amma ta fi girma da haihuwa a ruwan daɗi. Tarwaɗa ba ta kai ta juriya ba, ɗiyanta kuma sun fi saurin galabaita. Wanda bai da abin awo ya yi gwaji mai sauƙi: ya sa ɗiyan kifi goma cikin tano cike da ruwan, ya duba su har mako guda. Gara a yi asarar goma da a yi ta dubu.

Na huɗu, launi. Koren ruwa mai haske abinci ne ga gargaza. A tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafin hannu ya ɓace daidai nan, wato wajen santimita 30, ruwan ya yi daidai. In ana ganinsa garau, ruwan bai da abinci, yana son taki. In ya ɓace tun kafin rabin dantse, koren ya yi yawa, kuma da dare zai shanye iska: a daina zuba taki, a ƙara ruwa.

Jan ruwa ko mai launin ƙasa daban ne. Wannan laka ce, tana tare hasken rana, tana kuma toshe wa kifi wurin shaƙa. A ɗebi ruwan a kwalba a ajiye ya kwana. In laka ta kwanta a gindi, to dama ruwan ake yi, galibi ƙafar shanu ce. Maganinsa a keɓe wa bisashe mashaya ta gefe guda, a kuma bar ciyawa ta tsiro a hanyar da ruwa ke shigowa.

Na biyar, ƙazantar kifin kansa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da wata guba da ake kira amoniya. A babban tabki ba ta cika taruwa ba, amma a kwami ita ce ke kashe kifi ba tare da an gan ta ba. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin gubar na ƙaruwa in ruwa na da kanwa kuma ya yi zafi. Wato kwamin da anka cika da ruwa mai kanwa-kanwa yana son canjin ruwa fiye da na mai ruwan daɗi, kuma ba zai ɗauki kifi da yawa kamarsa ba. In ruwa ya fara wari ko kumfa, an riga an makara da kwana ɗaya ko biyu.

Ƴan'uwa da ke ƙasashen waje sun sha ganin kifayen teku masu launi cikin akwatin gilashi a otal ko manyan shaguna. Masu kula da su kan haɗa ruwan gishirin, su bar shi makonni ba kifi, suna awo, sannan su sa kifi kaɗan-kaɗan. Kifinmu ya fi nasu juriya nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar guda ce.

Ruwan rijiya, foraj da sabon siminti

Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa kusan bai da iska. Kada a tura tiyo cikin kwami kai tsaye. A bar ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama, ko a tara shi wani wuri ya kwana. In yana barin jan tsatsa a jikin bokiti, akwai ƙarfe cikinsa, sai a bari ya kwanta tukuna. Ruwan famfo da anka sa wa magani shi ma a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu.

Sabon siminti na fitar da wani abu mai ƙona kifi. A cika sabon kwami, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu, a zubar, a wanke, a sake cikawa, sannan a gwada da ƴan kifi kaɗan.

Wane kifi ya dace?

Gargaza, wadda wasu ke kira karfasa, tana cin koren ruwa, dusa da ganye, don haka ita ce ta tabki da ramin ƙasa. Uwar na riƙe ƙwai da ɗiyanta cikin baki har su yi ƙwari. Aibinta saurin haihuwa: tun tana wata 5 ko 6 take farawa, sai ruwa ya cika da ƙanana, ba mai girma. Ana magance wannan ta hanyar kiwon maza zalla, waɗanda dama sun fi mata saurin girma, ko a sa ƴan tarwaɗa kaɗan su riƙa rage ɗiyan.

Tarwaɗa na da wata halitta a kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar waje. Shi ya sa take jure cunkoso da ruwa maras iska, kuma ita ce ta kwamin siminti. Sai dai tana son abinci mai gina jiki, kuma babba na haɗiye ƙarama. Dole a riƙa tankaɗe su, manya gefe ƙanana gefe, kamar kowane mako biyu a watannin farko. Ba ta cika haihuwa cikin kwami ba, ɗiyanta daga wurin masu ƙyanƙyasa ake sayowa.

Gaiwa kan shige laka in ruwa ya ƙafe, ta zauna can har damana ta dawo. Akan same ta a tabkin da ba wanda ya zuba mata iri.

Giwan ruwa, wanda ake kira kapiten a kasuwannin Yamai, yana da tsada, shi ya sa mutane ke kwaɗayinsa. Amma kifi yake ci, kuma yana son ruwa mai faɗi, mai zurfi, mai iska. A tabkin Biktoriya na gabashin Afirka an zuba shi a shekarun 1950, daga baya ƙananan kifayen wurin iri-iri masu yawa sunka ɓace. In ya yi haka a ruwan da ya haɗa ƙasashe uku, ina ga ɗan tabkin gari? Kada a zuba shi sai da shawarar masana.

Nawa za a zuba?

Ramin ƙasa mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, zurfin mita 1 zuwa 1,5, yana ɗaukar gargaza 200 zuwa 300, wato biyu zuwa uku a kowace mita, in ana sa taki ana kuma ba da dusa. Takin a sa shi cikin buhu a rataya a kusurwa, ƴan kilo kaɗan a mako, ana duba launin ruwa da hannu kamar yadda munka faɗa. Wanda ya zuba 1000 a wannan rami ba zai samu kilo ninki uku ba. Kifin ne zai tsumbure.

Kwami mai mita 2 da 2, da ruwa ya kai mita 1, yana cin lita 4000, wato tano 20. Mai koyo kada ya wuce tarwaɗa 50 a kowace lita 1000, ke nan 200 duka. In sun fara girma, kowane kwana biyu ko uku sai an zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, wajen tano 7, an maida sabo. Mai aiko da kuɗi ya tambaya tun farko: daga ina tano bakwai za su riƙa fitowa a watan Afrilu, kuma wa zai ja su? Ruwan da anka zubar kuwa taki ne, a kai shi garka ga zogale, tumatir da albasa. Don haka kwami ya fi kyau a gina shi cikin garka.

Sai abinci, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa. Da abincin kanti mai kyau, kilo 1 na kifi na cin wajen kilo 1,2 zuwa 1,5. In ana son tarwaɗa 200 su kai giram 700 kowace, kilo 140 ke nan na kifi, abinci kuma kusan kilo 200 cikin wata 5 zuwa 6. Wanda ya aiko da kuɗin siminti da na ɗiyan kifi kaɗai, bai kai rabin aiki ba. Dusa, ƙuliƙuli, gara da tsutsa suna rage tsada, amma girma zai ɗan ja lokaci. A ba su sau biyu ko uku a yini, daidai abin da za su cinye cikin minti 15.

Babban tabki lissafinsa daban. Ba a ciyar da kifinsa, abin da ruwan ya samar shi suke ci. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda su ke kula da harkar ruwa da kifi, su ne ke duba faɗi da zurfi su faɗi iri da yawan da ya dace. Ofishinsu na Filinge shi ne ƙofar farko.

Ɗauko ɗiyan kifi da sakin su

Yawancin masu ƙyanƙyasa suna bakin kogi, wajen Yamai. Daga can zuwa Filinge ta Balleyara kusan kilomita 180 ne, tafiya mai tsawo ga ɗan kifi. A hana su abinci kwana guda kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan hanya. A taso da sassafe, a rufe ledoji ko jarkoki da jiƙaƙƙen buhu, kada a tsaya cin kasuwa. A zaɓi masu kuzari, masu girma ɗaya, marasa ciwo a jiki, waɗanda sunka kai tsawon yatsa.

In an iso, kada a juye su nan take. A ɗora ledar a kan ruwa minti 20 zuwa 30 zafinsu ya zo ɗaya, sannan a buɗe, a riƙa zuba ruwan wurin kaɗan-kaɗan har su fita da kansu. Inda ruwa ke da kanwa, wanga mataki ya fi kowane muhimmanci. Abinci sai washegari.

Tabki na kowa ne

Tabkin gari mashayar Fulani ce da Buzaye, wurin wanki ne, wurin masu garka da masu bulo ne. Dokar karkara ta 1993 ta kare haƙƙin makiyaya na kai bisashe ga ruwa, zuba kifi kuma bai soke wannan ba. Kafin a zuba, a zauna da maigari, makiyaya, mata, matasa da hukumar filaye da ake kira Kofo, a yi yarjejeniya a rubuce: wa ke tsaro, wata nawa za a rufe su, yaushe za a buɗe, ina kuɗin za su shiga. A tabkin da ba ya ƙafewa, a ƙyale kifin ya hayayyafa ko sau ɗaya kafin a jefa taru.

Tun dokar kamun kifi ta 1998 an hana su da guba ko nakiya, kuma mai su don sayarwa sai da takardar izini. Abubuwa uku kuma kwamitin tabki ya sa wa ido. Su da gidan sauro yana kwashe har ɗiyan da za su zama kifin baɗi, maganin da ke jikinsa kuma guba ne ga kifi. Wanke famfon feshin ƙwari a bakin tabki na iya kashe kifin wurin cikin dare guda. Kacalla kuwa in ta fara tsirowa a tumɓuke ta tun tana kaɗan, don in ta kama ba ta barin ruwa ga kowa.

Lafiyar masu shiga ruwa ma abin lura ce. Tsayayyen ruwa na iya ɗaukar tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi likita, kada a ɗauke shi abin wasa.

Kafin a kashe kuɗi

Mai niyya ya amsa tambayoyi huɗu: wata nawa ruwana ke zama? Akwai kanwa cikinsa, musamman da bazara? Wa zai duba kifin kowace asuba? Kuɗin abinci na wata shida suna hannu? In amsar ɗaya ba ta fito ba, a dakata. In duka sun fito, a fara da kwami ɗaya ko rami ɗaya, a riƙe littafi ana rubuta ranar zubawa, yawan kifi, abinci da waɗanda sunka mutu. Bayan girbin farko littafin zai faɗi ko a ƙara ko a gyara.

Na gida su karanta wa waɗanda ba su samu gani ba, na nesa kuma su tura wa mai kula da aikinsu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika tabkunanmu, amin.